Harafi Guda Da Ya Sauya Jinin Ɗan Adam

A gidaje da dama na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, akwai yaran da ke kwana kuka saboda ciwon ƙashi, musamman in hunturu ya kama. Wannan ciwo shi ne amosanin jini, wanda ake ce ma emasi. Wasu na ɗora laifinsa ga maita ko iskoki. Amma masana sun bi sawunsa har tushe, suka tarar da kuskuren harafi ɗaya tak cikin wani saƙo.

An gina jikin mutum da ƙananan ƙwayoyi, waɗanda ido ba ya gani. A tsakiyarsu akwai littafin gado da ake kira ADN, an rubuta shi da haruffa huɗu: A, C, G da T. Littafin ba ya barin ma'ajinsa. In ana bukatar furotin, wato kayan gini da aikin jiki, sai a kwafi shafin da ya dace, wani manzo mai suna ARN ya kai shi masaƙar ƙwayar, wadda ake kira ribozom. A shekarar 1961 ne François Jacob na ƙasar Faransa da abokan aikinsa suka tabbatar da wanzuwar wannan manzo.

Masaƙar tana karanta saƙon haruffa uku-uku. Kowane uku suna kiran ɗigo ɗaya daga cikin iri 20, a jera su kamar ƴaƴan tasbaha, har furotin ya kammala.

Emoglobin shi ne furotin da ke ɗaukar iskar numfashi cikin jini. Ɗaya daga cikin sarƙoƙinsa na da ɗigo 146. A gurbi na shida, saƙon mai lafiya yana cewa GAG. Ga mai emasi kuwa GUG yake cewa, domin manzo da U yake rubuta T. Nan take sai wani ɗigo daban ya shiga gurbin. Vernon Ingram ya gano wannan bambanci a Ingila a 1956. In iska ta yi ƙaranci, sai jar ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan hanyoyin jini, ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon 120.

Manzo ba shi da laifi: abin da aka ba shi, shi ya kai. Kuskuren yana cikin littafin, kuma daga uwa da uba ake gadonsa. Mai AS ya gaji shafi ɗaya mai kuskure, yawanci lafiyarsa lau, har yana da kariya daga zazzaɓin sauro mai tsanani. Amma in AS ya auri AS, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai SS.

Saboda haka ya wajaba ga iyaye, malamai da mahukunta su ja hankalin samari da ƴammata ga awon jini tun kafin a kai goron tambaya. Rigakafi ya fi magani.