Ajiyar Mota, Ajiyar Rumbu

Kawuna manomi ne a ƙasar Zungur, kuma ban taɓa ganin ya zuba hatsi a rumbu da garaje ba. Sai dawa ta bushe ƙayau, sannan ya share cikin rumbun, ya liƙe tsagar da damina ta bari, ya duba duwatsun da ke ɗauke da gindinsa, ya sake jinka idan ta tsufa. Amma da zai tafi aikin hajji a 2024, tsohuwar Toyotar da ke kai masa kaya kasuwar Muda Lawal gindin darbejiyar ƙofar gida kawai ya kai ta, ya ja birkin hannu, ya lulluɓe ta da tamfol, ya yi sallama da iyali. Ranar 15 ga Yuni aka yi tsayuwar Arfa a shekarar, lokacin damina ta riga ta sauka a Bauchi. Da ya dawo bayan kusan kwana arba'in, ana cikin zuwa yi masa barka, aka murza makulli, mota ta yi shiru. Aka aro batir, inji ya tashi, ƙafafun baya suka ƙi juyawa. Aka ɗaga bonet, sai ga sheƙar ɓera da wayoyi a cinye. Sai da buhun wake ya tafi kasuwa kafin motar ta koma hanya.

Abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne duk ilimin da zai hana wannan asara kawu yana da shi, rumbu ya koya masa tun yana yaro. Mu dai mun ɗauka mota ƙarfe ce, in an ajiye ta hutawa take yi. Alhali maƙiyan hatsi su ne maƙiyanta: ɓera, laima da zafi.

Ɓera shi ne na farko. Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. A leƙa ƙarƙashin kujerar motar kowane magidanci a gani: ɓawon gyaɗa, guntun ƙuli-ƙuli, ƙwayar masara da ta zube daga buhu, ledar biskit ɗin yara. Da ƙarar inji ta ɗauke na mako guda, ɓera ya sami ɗaki mai duhu da abinci. Haƙoransa na gaba kuwa ba sa daina tsiro, dole sai ya gwagwiyi abu, ga wayoyi nan sun zo masa a baki. A motocin yanzu da kwamfuta ke sarrafa inji, waya ɗaya ta tsinke sai mai wayarin ya wuni yana nemanta. Don haka a share cikin motar da but ɗinta tas, a nome ciyawar da ke kewaye, kada a jingina ta da ɗakin ajiyar hatsi. A toshe bakin salansa saboda ɓera da zanzaro, amma a rubuta takarda a ajiye kan sitiyari, don kada a manta a tayar da ita a toshe.

Na biyu ita ce laima. Manomi ba ya gina rumbu a kwari, ba ya kuma zaunar da shi a ƙasa. Ita ma mota a nema mata tudu mai daɓe, inda ruwa ba ya kwanciya. Gindin bishiya yana da daɗin inuwa, sai dai 'ya'yan darbejiya da kashin tsuntsu suna cin fenti idan sun daɗe a kai, ga kuma iskar farkon damina. Mutanen Bauchi ba su manta guguwar watan Yuni na 2018 ba, wadda ta tumɓuke bishiyoyi ta yaye rufin gidaje. Rumfar kwano mai ƙarfi ta fi. Tamfol na leda kuwa, yadda ɗanyen hatsi ke yin fumfuna idan an ƙunshe shi, haka yake tara gumi a jikin mota, kujeru su yi wari, tsatsa ta kama. Idan dole sai an rufe, a wanke motar ta bushe sarai, a sa mayafin da iska ke ratsawa.

Laimar nan ce ta kama ƙafafun motar kawu. Birkin hannu idan ya daɗe a ja, musamman da damina, tsatsa na manne shi da ƙarfen da yake matsewa. A sake shi, a bar motar cikin giya, a tokare tayoyi da duwatsu gaba da baya. A ƙara wa tayoyin iska kaɗan wurin mai faci, domin iskar na ragewa a hankali, taya mai laushi kuma gefen da ya daɗe yana ɗauke da nauyi yakan baje.

Batun tanki yana tuna mini yadda mata ke ajiye wake a jarka: a cika ta har wuya, a toshe, kada a bar wa iska wuri. Tankin da babu mai sosai cike yake da iska mai laima, da sanyin asuba sai ta zama ɗigon ruwa a ciki. Na san tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, cika tanki ya zama abin da sai an yi shawara da aljihu, ga kuma hidimar tafiya. Duk da haka man nan ba asara ba ne, mai motar zai dawo ya same shi idan tafiyar ta wata ɗaya ko biyu ce. Wanda zai tafi karatu Masar ko Malesiya na shekara guda, nasa lissafin daban: fetur yana tsufa cikin 'yan watanni, kuma ya kamata ya juye baƙin mai kafin ya tafi, domin tsohon mai yana ɗauke da datti mai cin ƙarfe.

A wuri ɗaya ne misalin rumbu ya gaza, wato batir. Nan mota ta fi kama da doki, wanda in an ɗaure shi a turke ba kilisa sai ƙafafunsa su yi tsami. Ko an kashe mota, agogo da ƙararrawar ɓarayi da kwamfuta suna tsotsar wuta kaɗan-kaɗan, zafin garinmu kuma yana gaggauta zuƙewar. Batir mai lafiya yana nuna bolt 12.6, idan ya sauka ƙasa da 12.4 ya daɗe a haka, yakan fara lalacewar da caji ba ya gyarawa duka. Mafi sauƙi shi ne a kwance kan batir mai alamar ragi. Wamin ɗin minti biyar da ake sa yaro ya riƙa yi kowace safiya ba ya mayar da wutar da tayarwa ta ci, sai ma ya tara ruwa a salansa. Idan akwai wanda za a bar wa, ya fita da ita duk mako biyu, ya yi tafiyar minti ashirin ko talatin, inji ya yi zafi sosai, tayoyi su sauya wurin zama. Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi.

Sai dai a duba wa za a ba makullin, don ba a ba kura ajiyar nama. Dattijo mai lasisi ya fi saurayin da ke ɗokin sitiyari. A kuma duba takardun motar da inshora, kada su ƙare tana hannun wani.

Saura abu ɗaya da ya fi duk waɗannan nauyi. Motar da ta daɗe a ajiye takan zama wurin wasan ɓuya ga yaran unguwa, kuma an sha rasa yara a ƙasar nan da suka shiga irin wannan mota, ƙofa ta rufe, zafi ya gama da su kafin a farga. Maniyyatan bana na Zungur da kewaye, ina roƙonku, kafin ku kama hanyar filin jirgin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, ku zagaya motar da kanku, ku ja kowace ƙofa da but ku tabbatar sun kullu, sannan ku damƙa makullin a hannun babba. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.