Kwana ko jeka-ka-dawo: abin da ke kora iyaye zuwa makarantun kuɗi

Da zarar watan Agusta ya kama, hirar duk gidan da ke da ɗan aji shida na firamare ɗaya ce: ina za a kai shi? A da amsar ba ta da wuya. Yaro ya ci jarrabawa, gwamnati ta tura shi inda ta ga dama, uba ya sayo akwatin ƙarfe, uwa ta ƙulla garin kwaki da ƙuli-ƙuli da yaji, a sa shi a mota da addu'a. Yau kuwa a Kano da Kaduna da Zariya da Sakkwato, mai ɗan hali allunan makarantun kuɗi yake bi yana karantawa, kuma da yawansu abu ɗaya suka rubuta: akwai kwana, akwai jeka-ka-dawo.

Makarantar kwana ba baƙuwa ba ce a Arewa. Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, wadda ta koma Kaduna, daga baya Zariya, ta zama Barewa, ta kwana ce, kuma a nan Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu. Haka makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da jihar Kano ta buɗe a 1977, waɗanda suka yaye likitoci da injiniyoyi ba adadi. To me ya sa mutanen da suka ci gabza a irin waɗannan makarantu yanzu suke neman wa 'ya'yansu wani wuri?

Dalili na farko kowa ya san shi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta mai da karatu kyauta har aji uku na ƙaramar sakandare, yara suka yi ta kwarara, amma azuzuwa da malamai ba su ƙaru daidai da su ba. Da gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a watan Yunin 2024, abin da iyaye suka daɗe suna gani ne ta furta.

Na biyun shi ne ya sauya lissafin baki ɗaya. A Fabrairun 2014 aka kashe ɗalibai maza da dama a kwalejin gwamnatin tarayya ta Buni Yadi, bayan wata biyu aka kwashe 'yan mata 276 daga Chibok. Sai Dapchi a 2018, sai Ƙanƙara a Disambar 2020 inda aka kora yara fiye da 300 cikin daji, sai Kagara da Jangebe a wata guda na Fabrairun 2021. Zamfara ta rufe makarantunta na kwana, Kano ma ta rufe wasu da ke nesa da birni. Tun daga lokacin, uwar da aka ce mata a kai 'yarta makarantar kwana, abin da take fara tambaya shi ne nisan wurin da daji.

Sai dai akwai abin da tsoro ke hana mutane lura da shi. Makarantar Bethel Baptist da ke ƙaramar hukumar Chikun, inda aka ɗauke ɗalibai sama da 100 a Yulin 2021, ba ta gwamnati ba ce. Islamiyyar Tegina da aka kwashe yaranta a Mayun 2021 ba ta kwana ba ce, kuma yaran Kuriga da safe aka tarar da su a harabar makaranta a Maris ɗin 2024. Ke nan biyan kuɗi ba ya kare yaro, kwana a gida ma ba ya isa. Abin da ke kare shi shi ne inda makarantar take, da wanda zai iya kawo ɗauki cikin minti nawa.

Masu makarantun kuɗi sun fahimci wannan da wuri, sai suka jawo makarantar kwana cikin gari. Wasu sun yi gini na gaske. Wasu kuwa gidan haya suka samu, suka ƙara wa katanga tsawo, suka jera gadaje masu hawa biyu a ɗakunan da aka gina don iyali ɗaya. Suka haɗa da abin da zuciyar iyaye ke so: haddar Alƙur'ani tare da boko, ba waya, ba yawon unguwa. Kuma gaskiya wannan buƙata ce ta gaske. Uban da ke fita kasuwa tun asuba, da uwar da ke aiki a asibiti har dare, ba su da wanda zai sa ido kan yaro daga tashi daga makaranta zuwa magariba.

Bara na raka ƙanwata duba wata irin wannan makaranta. Ofishin shugaba tas, da na'urar sanyaya ɗaki, da kofunan gasa jere a kan kanta. Aka nuna mana ɗakin kwamfuta, kowace an lulluɓe ta da leda. Da na ce muna so mu ga ɗakin kwana da banɗaki, sai aka ce mai riƙe da makulli ya fita. Muka ce za mu jira. Bayan kusan awa ɗaya aka buɗe: taga ɗaya ce ke buɗuwa, ƙofa ɗaya ce ta shiga da fita, kuma da kwaɗo ake rufe ta daga waje da dare. Ƙanwata ta tambayi mai kula da ɗakin, "Baba, in yaro ya tashi da zazzaɓi tsakar dare fa?" Dattijon ya ce, "Hajiya, sai a ba shi farasitamol kafin gari ya waye." Ba mu sayi fom ɗin ba.

Kuɗi ma sun shigo cikin maganar ta hanyar da ba a zata ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kai yaro da ɗauko shi kullum ya zama wani kuɗin makaranta na biyu, ko motar makaranta ce ko A Daidaita Sahu. Wasu suka ga gara kwana. Amma tsadar abinci, da hauhawarta ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024, ta faɗa wa tukunyar makarantun kwana. Mai makaranta ko dai ya ƙara kuɗin zango, ko ya rage abin da ke cikin kwano, kuma na biyun iyaye ba sa ganinsa sai ranar ziyara, in yaro ya fito da wuya kamar mariƙin lema. Uban da ya kasa biya ya cire ɗansa ya mai da shi wata mai araha, shekara ta zagayo a sake. Yaron da ya zaga makaranta uku kafin aji shida na sakandare, a lissafi da kimiyya giɓin ke bayyana.

Abin da ya fi damuna shi ne malamai. Iyaye na tambayar sakamakon WAEC da NECO, ba sa tambayar shekara nawa malamin lissafi ya yi a wurin, ko yana da rajista da hukumar malamai ta TRCN, ko albashinsa ya kai naira 70,000 da doka ta sa a matsayin mafi ƙaranci a 2024. Malamin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata ba zai zauna ba, kuma makarantar da malamanta ke sauyawa kowane zango amma ɗalibanta ke cinye jarrabawa kaf, ya kamata a tambayi yadda aka yi. Satar amsa takan tona kanta a JAMB, ko a shekarar farko ta jami'a. Hukuma kuwa sai abu ya ɓaci take motsi. Sai da mai wata makaranta ya sace ɗalibarsa 'yar shekara biyar ya kashe ta, sannan gwamnatin Kano ta soke lasisin makarantu masu zaman kansu a Janairun 2022 don a sake tantance su.

Akwai kuma asarar da ba ta shiga lissafin kowane gida. A tsohuwar makarantar kwana ɗan sarki da ɗan manomi layi ɗaya suke bi da kwano a hannu, Bahaushe da Bajju da Tibi ɗaki ɗaya. Yanzu kuɗin zango ne ke tace wanda ɗanka zai zauna da shi. 'Yar ƙauyen da babu babbar sakandare kusa da su, wadda makarantar kwana ta gwamnati ce kaɗai hanyarta, in aka rufe ta ba ta da ta kuɗi da za ta koma. Gida za ta zauna.

A ganina, yaro ɗan shekara goma sha ɗaya ya fi buƙatar gida, in dai akwai babba a gidan da rana, kwana kuma ya jira babbar sakandare. Ƙanwata haka ta yi. Ta sa ɗanta a wata jeka-ka-dawo da ke bayan layinsu, ginin ko fenti babu, bayan ta zauna a bayan aji ta ga darasi ɗaya daga farko har ƙarshe, ta kuma buɗe littattafan yara uku ta ga jan biron malami a kowane shafi.