Albashin mushe: a ƙauye za a kashe shi ko a birni?

Ƴan uwa manoma da makiyaya, akwai wata magana da ake yawan yi a bakin kasuwa. Ana cewa mushen lakwal yana zaune cikinmu, yana shan ruwan rijiyarmu, amma ko dala ba ya kashewa a garin. Shin ya kamata malami ya riƙa sayayya a inda yake aiki? Bari mu duba.

Da fari, albashi gumin malami ne. Babu dokar da ta ce sai ya kashe shi a wuri kaza. Maigari ba ya iya tilasta shi, sufeton makarantu ma haka.

To, me ke tsayar da kuɗin a birni? Yawancin ƙauyuka ba su da banki. In wata ya ƙare, sai malami ya shiga mota ya tafi Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ya karɓi albashinsa. Ga kuɗi a aljihu, ga kanti a gabansa. Nan zai sayi shinkafa da mai da sabulu. Wanda ke kusa da iyaka ma yakan ƙetara Jibiya ko Illela. Kuma da yawa cikin malamai baƙi ne, gwamnati ta turo su. Iyalinsu na birni, akwai kuɗin haya, akwai iyaye. Kafin mushe ya komo ƙauye, kuɗin sun kusa ƙarewa.

Amma ku dubi abin da ke faruwa in an kashe kaɗan a gida. Ga misali. Malami ya sayi gero na jika 10 wurin manomi. Manomin ya biya magini ya gyara masa rumbu. Magini ya sayi man gyaɗa da ƙuliƙuli wurin wata mata. Matar ta saya wa ɗiyarta littafi da alƙalami. Jika 10 ɗin nan ta shiga gida uku, kuma ba ta fita gari ba. Wadda aka kashe a kantin birni kuwa, ta tafi ke nan.

Akwai kuma kuɗin tikiti da masu kaya ke biya ran kasuwa. Waɗannan kuɗi asusun komin suke shiga. In kasuwa ta ci sosai, komin ta fi samun abin gyara aji da sayen kujerun yara. Ke nan sayayyar malami tana iya komowa cikin ajinsa.

Shi kansa malamin yana da riba. Ana buɗe lakwal cikin watan Oktoba, daidai lokacin kaka. A lokacin tiyar gero da ta wake suna da araha. In ya sayi na shekara ya ajiye, ba ruwansa da tsadar da ke zuwa da damina. Ya huta da kuɗin dako, ya huta da kuɗin mota. Ba mu manta ba, Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 har Disamba 2020, an kuma sake rufewa a 2023. Masu dogara da kasuwar ƙetare sun sha wuya. Geron gonar maƙwabci kuwa ba ya bin ta duwan.

Sai dai mu ma mutanen gari muna da namu laifi. Wasu in sun ga mushe sai su ƙara masa kuɗi, wai shi mai albashi ne. Kazar da aka sayar wa ɗan gari jika 3, shi sai a ce 4. Wanda aka yi wa haka sau biyu ba zai sake tayawa ba, kuma da gaskiyarsa. Haka nan malamin da ya ci bashi wurin mai tebur ko mahauci, ya biya da zarar kuɗi sun fito, ko da albashi ya yi jinkiri. Jarin mai tebur ƙarami ne. Bashin wata biyu yana iya karya shi.

Ba komi ake samu a ƙauye ba. Magani mai kyau, littattafai, kayan babur, dole a je birni. Kada a ga laifin malami a nan. Maganarmu a kan abin da garin ke da shi ne: hatsi, nama, nono, ƙwai, albasa, tabarma, ɗinkin tela, aikin maƙeri.

In kwamitin iyayen yara ya zauna a farkon shekara, a kawo wannan magana gaban darakta da malamansa. A tambaye su buhu nawa suke so. A nuna masu wanda ke da hatsin sayarwa, a auna masu da tiyar da ake auna wa kowa, a kuɗin da kasuwa ta yanke ranar.