Mai Sayarwa Ne Ke Fara Ganin Direba

Sanin kowa ne cewa tuƙin mota aiki ne na ƙwaƙwalwa. Ido ya hangi haɗari, jijiyoyi su kai saƙo ga ƙwaƙwalwa, ita kuma ta umurci ƙafa ta taka birki. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kimanin mita 28 a kowace daƙiƙa. Ashe ke nan jinkirin daƙiƙa ɗaya ya isa a yi asarar rayuka. Barasa da dangoginta kuwa irin wannan jinkiri suke haddasawa, domin suna rage saurin tafiyar saƙo a cikin jijiyoyi.

Saboda haka ne a wasu ƙasashe aka koma kan masu sayar da giyar. A shekarar 1986 Jihar Oregon ta Amurka ta wajabta wa ma'aikatan mashaya samun horo. Ana koya musu gane alamun maye, da daina zuba wa wanda ya fara buguwa, da nema masa wanda zai kai shi gida. Binciken da aka yi daga baya ya nuna raguwar haɗurran dare a jihar.

To, ina ruwanmu da wannan, tunda an hana sayar da giya a Jihar Katsina bayan kafa shari'ar Musulunci a shekarar 2000? Amsar ita ce, maye bai tsaya ga giya ba. Kodin, idan ya isa hanta, wani ɓangarensa yakan rikiɗe ya koma mofin, ya kawo gyangyaɗi. Tiramol kuma, in an zarce ƙima, yakan jawo jiri, har da jijjiga irin ta farfaɗiya. Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a shekarar 2018, amma doka kaɗai ba ta hawa mota da fasinja.

A tashoshin Dutsin-Ma da Kurfi, mai kemis da mai shayi da ɗan kamasho su ne ke ganin direba kafin ya hau hanyar Katsina. Su ya kamata a koya wa alamun: nauyin harshe, lumshewar ido, tangaɗi, da tsukewar baƙin ido ga wanda ya sha kodin. A kuma fahimtar da su cewa shayi mai kauri ko goro ba ya wanke maye. Hanta ce ke wannan aiki, kuma sai ta ɗauki sa'o'i.

Idan Hukumar Kiyaye Haɗurra da ƙungiyar direbobi suka shirya irin wannan horo, mai kemis zai ƙi sayarwa ba tare da takardar likita ba, shugaban tasha kuma ya hana lodi. Ku kuma ɗalibai, in kun ga waɗannan alamu, ku sauka ku jira wata motar.