Kula da Motar Tafi-da-Gidanka da Gano Matsalolinta

1.0 Gabatarwa

Motar tafi-da-gidanka mota ce da aka ƙera da ɗakin kwana da kicin da makewayi a cikinta, domin iyali su yi tafiyar shaƙatawa ba tare da neman masauki ba. An fi amfani da ita a Amurka da Kanada da ƙasashen Turai. Wata tana da injinta, kamar waɗanda kamfanin Winnebago ya fara ƙerawa a jihar Ayowa a shekarar 1966, wata kuwa tirela ce da ake ja da wata motar. Galibin masu ita sukan hau ta ne lokacin hutu kawai, sannan ta shafe watanni a ajiye. Sau da yawa wannan zaman ya fi tafiya lalata ta, don haka a kansa ne mafi yawan kulawar ta ta'allaƙa.

2.0 Rufi da Ruwa

Babu abin da ke cin irin wannan mota kamar yoyo. Maƙera sukan huda rufinta domin kafa na'urar sanyaya ɗaki da tagogin iska, sannan su liƙe gefunan da danƙo. Zafin rana da girgizar hanya kan sa danƙon ya tsage, ruwa ya riƙa kutsawa, katako ya ruɓe tun kafin tabo ya bayyana. Wajibi ne a duba rufin aƙalla sau biyu a shekara. Warin funfuna da daɓen da ke lotsawa idan an taka alamu ne na yoyon da ya daɗe.

Haka kuma motar tana da tankuna uku: na ruwa mai tsabta, da na ruwan wanka da wanke-wanke, da na makewayi. Akan fara juye na makewayi, sannan na wanka ya biyo baya ya ɗauraye tiyo. Kafin hunturu dole a tsiyaye ruwan duka, domin idan ruwa ya daskare yakan kumbura da kimanin kashi 9 cikin 100, ya fasa bututu. Maganin hana daskarewa da ake zuba wa bututun na musamman ne, domin na lagireto guba ne.

3.0 Lantarki

Layin wuta biyu ne a motar. Na farko na batir ne mai bolt 12, wanda ke tafiyar da fitilu da famfon ruwa. Na biyu shi ne wanda ake jonawa a sansanin masu hutu ko a samu daga janareta, mai bolt 120 a Amurka da 230 a Turai. Sanin wannan bambanci shi ne rabin gyara. Idan fitilu sun dusashe, a duba batir da fis. Idan kuwa fitilu suna ci amma na'urar sanyaya ɗaki ta ƙi tashi, matsalar tana layi na biyu. Batirin dalma cikakke yakan nuna kimanin bolt 12.6, kuma barin cajinsa ya faɗi ƙasa da rabi yana rage masa kwana.

4.0 Tayoyi

Tayar wannan mota takan tsufa kafin ta suɗe. A jikinta akwai lambobi huɗu da ke nuna lokacin da aka yi ta. Misali, 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta wuce shekara biyar tana bukatar ƙwararre ya riƙa duba ta kowace shekara, wadda ta kai goma kuwa a canja ta, ko da zanenta bai goge ba. Ana auna iska ne kafin a tashi, tayar tana da sanyi. Ƙarancin iska da yawan lodi su ne kan gaba wajen fashewar taya.

5.0 Gas da Firji

Da gas ake girki da ɗumama ɗaki. Ana gano yoyonsa ta shafa ruwan sabulu a mahaɗar bututu. Inda kumfa ta taso, nan ɓarakar take. Ba a gwaji da ashana. Bugu da ƙari, janareta da murhu suna fitar da wata iska mai kisa wadda ba ta da launi ko wari, saboda haka dole ƙararrawar da ke gano ta ta kasance tana aiki. Firji mai aiki da gas kuwa yana bukatar a tsayar da motar a daidaitaccen wuri, domin a karkace sinadarin sanyinsa ba ya zagayawa, har ta kai shi ga lalacewa.

6.0 Kammalawa

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Duba rufi da batir da tayoyi da gas ba ya cin kuɗi mai yawa, amma sakaci da su kan jawo asarar dukiya, wani lokaci har da rai. Sai dai gyaran bututun gas da babban layin wuta aikin ƙwararru ne, bai kamata mai mota ya taɓa su da kansa ba.