Lufus Da Juna Biyu: Ciwon Da Ake Ɗora Wa Kishiya Da Iska

Yau na ajiye zancen tarbiyyar yara a gefe, domin akwai maganar da ta daɗe tana ci mini rai, kuma wadda ta shafa ta ba ni izinin in kawo miki ita, da sharaɗin kada in ambaci sunanta.

Ɗalibata ce a ajin matan aure na Islamiyyarmu a nan Jega. Daga wani ƙauye na ƙasar Maiyama aka auro ta, yarinya mai ƙoƙari da tsabtar rubutu. Abin da na fara lura da shi, duk ranar da muke da darasin safe sai in ga biro yana gagarar ta riƙewa, yatsunta sun kumbura sun sanƙare, sai hantsi ya dubi ludayi suke saki. Daga baya wasu ƙuraje suka fito mata a kumatu biyu suka haɗe ta kan karan hanci, gashinta ya riƙa zuba a wurin kitso. Aka ce sanyin ƙashi ne, aka ce shawara ce. Har Aliero aka kai ta wurin masu ɗori, kin san su da suna a wannan fanni. Dattijon da ya duba ta, Allah ya saka masa da alheri, ya ce shi bai ga karaya ko targaɗe ba, a nufi asibiti. Ba a je ba.

Cikinta na fari ya zube yana wata uku, na biyu yana wata biyar. Na uku ya kai wata bakwai, sai ta kumbura, jijjiga ta kama ta cikin dare, aka ciro ɗa namiji babu rai. Daga nan bakin mutane ya buɗe. Wasu suka fara ce mata mai wabi, wasu suka ce namijin dare ne, danginta kuma suka kafa wa abokiyar zamanta kahon zuƙa, baiwar Allah da ba ta san hawa ba balle sauka. Sai da aka dangana da Sakkwato aka yi gwaje-gwajen jini da na fitsari, sannan aka gano sunan abin: lufus.

To mene ne shi?

Allah ya halitta mana garkuwa a jiki, wadda aikinta shi ne yaƙar ƙwayoyin cuta. A jikin mai lufus, garkuwar ce take rikicewa ta juyo kan mai ita, ta taɓa gaɓoɓi, fata, jini, ƙoda, wani lokaci har huhu da zuciya da ƙwaƙwalwa. Ba a ɗaukarsa a wurin wani, don haka babu dalilin ware wa mai shi kwano ko moɗa. Yana lafawa ya taso, shi ya sa yake ruɗa mutane: duk maganin da aka sha a daidai lokacin da zai lafa, sai a ce shi ya yi aiki. Cikin mutum 10 masu shi, kusan 9 mata ne, kuma ya fi kamawa tsakanin shekara 15 zuwa 45, wato daidai shekarunmu na haihuwa. Ya fi yawa, ya kuma fi tsanani, ga baƙar fata.

An daɗe ana ɗauka cewa ciwon bai cika samuwa a Afirka ta Yamma ba. Amma a 2009 Farfesa Olufemi Adelowo da abokin aikinsa suka wallafa bayanin majinyata 66 da suka gani a Legas, kusan dukkansu mata. Ni dai a nawa ganin, ciwon yana nan tare da mu tuntuni, suna ne kawai muke sauya masa.

Kada ki tsorata, 'yar'uwa. Yawancin ɓari ba lufus ke kawo shi ba. Zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin jini, hawan jini da sikila duk sun fi shi yawa a wajenmu. Amma idan ɓari ya maimaitu, ko ɗa ya mutu a ciki bayan ya yi ƙwari, ga kuma ciwon gaɓoɓi da safe, ƙuraje a fuska da rana ke ƙara tayarwa, gyambon baki, zubar gashi, zazzaɓin da ya ƙi jin magani, ko fitsari mai kumfa, to ki buɗe baki ki ce wa likita a duba miki lufus. Gwajin farko ana ce masa ANA, sai dai shi kaɗai ba ya yanke hukunci, sai likita ya haɗa shi da sauran alamu.

Mai lufus tana iya haihuwa?

Ƙwarai kuwa. A da likitoci kan hana su ɗaukar ciki, amma yanzu zance ya sauya. Wani babban bincike da aka wallafa a 2015, wanda Dakta Jill Buyon da abokan aikinta suka yi a Amurka da Kanada, ya bi mata 385 masu lufus da suka ɗauki ciki a lokacin da ciwon ya lafa ko bai yi tsanani ba. Kashi 81 cikin 100 sun sauka ba tare da wata babbar matsala ta sami jaririn ba. Amma ki lura da abu biyu: waɗannan mata suna ƙarƙashin kulawar ƙwararru tun daga farko, sannan matsala ta fi yawa a tsakanin baƙaƙen fatar cikinsu. Saboda haka labari ne mai daɗi, amma mai sharaɗi.

Babban sharaɗin shi ne lokaci. Ana so ciwon ya kwanta na aƙalla wata 6 kafin a ɗauki ciki, musamman idan ya taɓa ƙoda. Cikin da ya shiga ciwo yana tashe shi ne ya fi zuwa da hawan jini da jijjiga, da haihuwar bakwaini, da rashin girman ɗa a ciki, ita kuma uwa ƙodarta tana iya lalacewa ta yadda ba za ta dawo daidai ba.

A nan ne ɗalibata ta fi shan wuya. Likita ya ce ta dakata, dakatawar kuma ta kai fiye da shekara. Allurai da ƙwayoyi ba su dame ta ba kamar gorin gida. Ranar nan ta same ni bayan an tashi, ta ce, “Malama, Inna ta ce idan ba zan haihu ba in ba da wuri. Shin zunubi nake yi da nake tazara?” Na ce mata malamanmu ba su hana tazarar haihuwa saboda lalurar rashin lafiya ba, matuƙar da yardar miji da shawarar likita amintacce. Na kuma roƙi maigidana ya zauna da nata maigidan. Da mijin ya raka ta asibiti ya ji da kunnensa, shi ya koma yana tare mata faɗa a wurin mahaifiyarsa. Uwargida, idan kina cikin irin wannan hali, ki yi duk dabarar da za ki yi maigida ya shiga ɗakin likita tare da ke, ko sau ɗaya ne.

Ko tazarar ma ba kowace iri ba. Ƙwayoyin da ake sha kullum masu sinadarin istirojin suna ƙara haɗarin daskarewar jini, don haka ba su dace da wadda ciwonta ke tashe ba, ko wadda jininta ke da saurin daskarewa. Robar mahaifa da wanda ake sakawa a ƙarƙashin fatar hannu su likitoci suka fi zaɓa.

Gwaji biyu da bai kamata su wuce ki ba

Na farko shi ne na antifosfolifid. Wasu masu lufus suna da waɗannan sinadarai a jini, su ne ke sa jini ya daskare a ƙananan jijiyoyin mabiyiya, abinci da iska su daina isa ga ɗa. Shi ne aka samu a jinin ɗalibata, shi ya ci mata ciki uku. Maganinsa kuwa sananne ne: ƙaramin asfirin kullum, da allurar hefarin da ake yi a ƙarƙashin fata har a haihu, a ci gaba da ita wajen mako 6 bayan haihuwa. Da na ji haka sai da na yi hawaye, na tuna irin gabar da aka ƙulla tsakanin gida biyu a kan abin da allura ke magancewa da izinin Allah.

Na biyu shi ne gwajin Ro da La. Idan uwa tana da su, suna iya ratsawa su taɓa bugun zuciyar ɗan tayi. Abin ba ya da yawa, kamar 1 ko 2 ne cikin 100, amma saboda shi ake sa ido a kan zuciyar ɗan tsakanin mako na 16 da na 26. Wani jaririn kuma yakan zo da ƙuraje a fata, waɗanda ke ɓacewa da kansu cikin watanni.

Batun magani

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mace ta ga ɓatan wata ta zubar da magungunanta duka, wai kada su taɓa ɗa. Na san wata a wajen Aliero da ta yi haka bisa shawarar maƙwabta. Ciwon ya taso mata a wata na biyar, aka rasa cikin, yau kuma tana fama da ƙoda.

Haidiroksikulorokwin, wanda wani kamfani ke sayarwa da sunan Plaquenil, shi ne ginshiƙin maganin lufus. Ana ci gaba da shansa da ciki da kuma lokacin shayarwa, yana rage tashin ciwon, sai dai a riƙa duba ido lokaci-lokaci. Kada ki bari sai ya ƙare ki fara nema. A 2020, lokacin korona, rububinsa aka yi a duniya har masu lufus suka rasa. Azatayofirin da ɗan ƙaramin firedinisolon su ma ana amfani da su da ciki. Mafi yawan masu lufus kuma likita kan ɗora su a kan ƙaramin asfirin daga wajen mako na 12 domin rage haɗarin jijjiga.

Waɗanda ke cutar da ɗan tayi su ne metotireksat, maikofenolet, saikulofosfamaid, wafarin, da wasu magungunan hawan jini irin su lisinofiril. Waɗannan tun kafin ciki ya shiga ake sauya su, kuma likita ne zai sauya. Idan ciki ya shiga kina kansu, ki je asibiti a wannan makon, kada ki jira ranar da aka rubuta miki.

Sai kuma na kyamis. Ibufurofen da dikulofenak da muke sha kamar gyaɗa idan gaɓoɓi sun motsa suna wahalar da ƙoda, kuma ba a son su idan ciki ya tsufa. Ƙwayar nan ta ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, da mayukan bilicin da ake shafa wa ƙurajen fuska, suna ɓoye alamun ciwon ne su ruɗa likita. Magungunan dangin salfa, irin su Septrin, suna tayar wa wasu masu lufus da ciwo, kuma Fansidar da ake bayarwa a wurin awo daga wannan dangi yake. Don haka ki gaya wa malamar awo ciwonki tun ranar yankar kati, likita ya yanke abin da za ki sha, ke kuma ki riƙe gidan sauro da kyau. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba, a haƙura da su.

Awonki ba irin na kowa ba ne. Za ki iya gwada hawan jini da fitsari a asibitin da ke kusa da ke, a Jega ko Aliero ko Maiyama, amma a haɗa da babban asibiti inda likitan mata da likitan ƙoda ko na gaɓoɓi za su duba ki tare, kamar asibitin tarayya na Birnin Kebbi ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Haihuwa kuma a asibitin da ke da wurin kula da bakwaini, ba a ɗaki ba. Abin yana cin kuɗi, ba zan ɓoye miki ba. Ɗalibata da kuɗin adashe da na tumakinta biyu ta fara tara na mota da na allura tun kafin cikin ya shiga.

Ranar da kika ji matsanancin ciwon kai, ko ganinki ya dushe, ko fuska da hannu suka kumbura, ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi wuya, ko jini ya ɓalle, ko motsin ɗa ya ragu, to ba a kwana da wannan a gida. A nemi mota ko da tsakar dare ne.

Rana ma abokiyar gaba ce. Hijabi yana rufe jiki amma fuska a waje take, don haka shanyar albasa ko ta shinkafa da tsakar rana a bar wa wasu, idan fita ta kama a riƙe lema. Azumi kuwa, ki tambayi likitanki kafin Ramadan ya kama. Shari'a ta yi wa mara lafiya da mai ciki sauƙi, mai ciwon ƙoda kuma ƙishirwar yini tana iya yi mata illa.

Bayan an sauka

Kwanakin jego lokaci ne da ciwon kan sake tasowa, kuma jini ya fi saurin daskarewa a cikinsu, don haka ba a sallami asibiti ba tukuna. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a gadon wuta da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Idan mai lafiya ma abin yana iya kayar da ita, ina ga mai hawan jini da raunin ƙoda? A yi wanka da ruwa mai ɗumi, a yi kunu babu kanwa, a rage gishiri da dunƙule. Wannan sai an yi wa iyaye bayani cikin ladabi tun kafin haihuwa, domin ranar da aka ɗora tukunya ba mai sauraron ki.

Ɗalibata an yi mata aiki ciki yana mako 36, aka ciro 'ya mace 'yar ƙarama, ta yi kwanaki a kwalba sannan aka sallame su. Ta shayar da ita da nononta tana shan maganinta. Yanzu yarinyar tana tafiya, takan biyo ta aji ta yi ta jan hijaban mutane. Har yau ana ganin ɗan furotin a fitsarin uwar, tana zuwa Sakkwato duk bayan wata uku, kuma likita ya ce kada a yi maganar wani cikin sai ƙodar ta daidaita. Abokiyar zamanta ce ke riƙe mata yarinyar duk ranar da za ta tafi.