Jirgin Wasa Mai Linzamin Waya: Hattara da Tayar da Shi Kai Kaɗai

Yaran da a da suke ƙera mota da kara da gwangwanin madara, yanzu bidiyo suke kallo a salula suna haɗa jirgin sama da kwali da ɗan injin batir. Daga Fadan Kagoma zuwa Kafanchan, duk inda salula ta shiga, wannan sha'awa ta bi bayanta. Abin a yaba ne, balle a jihar da ke da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama a Zariya tun 1964. Sai dai akwai wani nau'in jirgin wasa da sauƙin haɗa shi ke ruɗar matasa, ga shi kuma yana iya yin kisa.

Shi wannan jirgi ba ya buƙatar rimot. Siraran wayoyin ƙarfe biyu, masu tsawon mita 15 zuwa 21, su ke haɗa fiffikensa da wani mariƙi a hannun matuƙi. Matuƙin yana tsaye a tsakiyar fili yana juyawa, jirgin na kewaya shi kamar majajjawa. In ya karkata hannu sama jirgi ya hau, in ya karkata ƙasa ya sauko. Wani Ba'amurke, Jim Walker, shi ya yaɗa wasan wajen 1940, kuma har yau ana gasar duniya a kansa. Jirgin gasa yakan gama zagaye ɗaya cikin daƙiƙa biyar da 'yan kai, wato gudun da ya haura kilomita 80 a awa.

Bisa ƙa'ida mutum biyu ake so: ɗaya ya riƙe jirgi bayan an tayar da inji, ɗaya ya je tsakiya ya ɗauki mariƙi, ya yi alama a saki. Wanda ya rasa abokin tafiya sai ya koma ga turke mai sakata. Ɗan katako ne ake kafewa a ƙasa da dogayen ƙusoshi, a kansa akwai sakata mai sifirin da ke ratsa wani zoben waya a wutsiyar jirgin. Daga sakatar an ɗaura igiya har tsakiyar fili. Inji na ruri, jirgi na fizga, amma ba ya motsi sai matuƙi ya ja igiyar, sakata ta zare, jirgi ya yi gaba.

Dabara ce mai kyau, amma hannun mataimaki kawai ta maye, ba ta maye idonsa ba. Da zarar jirgi ya tashi, idon matuƙi ba ya barin kansa, kuma yawancin injinan mai na irin wannan jirgi ba su da abin rage wuta: sai man tanki ya ƙare, minti biyar ko shida, kafin a sauka. A cikin waɗannan mintuna ba ya ganin yaron da ƙarar inji ta janyo a guje, ko ɗan acaɓan da ya yanke ta filin makaranta, ko uwar da ta zo kwashe cittar da ta shanya. Filayenmu ba su da shinge, kowa ya sani. Waya mai gudu ta isa ta yanka wuya, farfela ta isa ta cire ido. Saboda haka ko kana da sakata, nemi wanda zai tsaya bakin fili yana korar jama'a da awaki, ko da ƙanenka ne.

Babban abin tsoro shi ne wayar wutar lantarki. Layukan da ke ratsa garuruwanmu suna ɗauke da bolt 11,000 ko 33,000, kai kuma kana riƙe da ƙarfe mai tsawon mita ashirin da ke iya miƙewa sama da kanka. Wuta mai wannan ƙarfi ba ta jiran a taɓa ta, tana iya tsallakowa in an matso. An yi asarar rayuka ta haka a ƙasashen da wasan ya daɗe. Kada kuma wani ya ce ai an ɗauke wuta. Ba a sanarwa kafin a dawo da ita. In akwai falwaya ko tiransifoma kusa da fili, a sake wuri. In jirgi ya kuɓuce ya maƙale a layin wuta, a bar shi, a tsare wurin, a kira ma'aikatan wuta. Haka nan da damina, hadari na haɗowa a naɗe waya a tafi gida, don Kudancin Kaduna ba baƙuwar tsawa ba ce.

Shi kansa turken yana son kula. A ƙasa mai taushi bayan ruwa, ƙusa ɗaya ba ta riƙe shi. A kafa da yawa, a jingine su baya, sannan a fizgi jirgin da hannu a gani kafin a tayar da inji. A shimfiɗa igiyar sakata ta bayan wayoyin tuƙi, yadda ba za su sarƙe ba, kuma a kewaye ta wajen tafiya tsakiya, don tuntuɓe ɗaya ya isa ya saki jirgi ba kowa a mariƙi. Kafin a ja igiya, a zura madaurin mariƙi a wuyan hannu, a gwada a tabbata sama sama ne, ƙasa ƙasa ce. Mariƙin da aka ɗauka a juye yakan kife jirgi nan take. Masu gasa sukan ja wayoyin da ƙarfin da ya ninka nauyin jirgi sau goma don gwaji. Da hunturu, a zaɓi gefen da iska za ta tura jirgi nesa da matuƙi, domin in waya ta saki, linzami ya tafi.

Man waɗannan injina akasarinsa mitanol ne: guba ce mai makantarwa, harshen wutarsa kuma ba ya ganuwa sosai da rana. Kada a zuba shi a robar lemo inda yaro zai kai hannu. Batirin da ya kumbura kuwa a daina cajinsa, yana kama wuta.

Sai batun tsaro. Tun 2016 hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ƙasa ta hana tayar da jirgi maras matuƙi ba da izini ba. Naka a ɗaure yake, amma wanda ya hango shi daga nesa bai san haka ba, kuma a halin da yankinmu ke ciki, abu mai ƙara a sama na iya tayar da hankalin unguwa. A sanar da mai unguwa da hedimasta tun da wuri.

Iyaye da malamai, kada ku hana yaran nan ƙira. Ku dai bi su filin, ku ɗaga kai ku duba wayar wuta kafin a ja sakata.